Kwanon Hajiya a Bayan Kekena

Mun tashi da asuba ranar Asabar. Ana sallame salla muka turo kekunanmu bakin titi a Tremont, unguwarmu da ke Bronx, gari bai gama wayewa ba, sanyin Oktoba ya fara cizon kunne. Mu uku ne. Akwai ɗan Kumasi, ma'aikacin jinya, wanda ya tsara tafiyar tun daga tushe. Akwai Badamagare mai teburin turare da cajar waya, wanda ya yi shekaru yana kai wa mutane abinci a kan keke kafin Allah ya buɗa masa. Sai ni Bakatsine, direban da ke wuni a zaune a layin filin jirgin sama na JFK yana jiran fasinja, har ranar da likita ya dubi tumbina ya ce in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi.

Shirinmu shi ne mu bi gabar kogin Hudson ta gabas mu yi arewa, mu tsallaka can sama, mu ratsa ƙauyukan manoma, mu gangaro ta yamma mu dawo gida ba tare da mun maimaita hanya ba. Abin da ya ɗauki ran ɗan Kumasi shi ne wasu gine-ginen dutse masu hasumiya da ke warwatse a hanyar, irin fadojin da sarakunan Turai ke fakewa a ciki zamanin yaƙi da takobi. Ya daɗe yana turo mana hotunansu har muka gaji. Ya kuma kafa mana doka a kan kaya, komai sai ya hau sikelin kicin ɗinsa. Mutumin nan har mariƙin burushin haƙorinsa ya yanke don rage nauyi. Ni kuwa damuwata daban ce, wato wandon nan na 'yan keke mai kama jiki, mai katifa a mazaunai. Na sa shi, amma na ɗora dogon wando a kai, domin ba zan tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu kamar an feɗe ni ba.

Muna cikin taɓa tayoyi sai ga Hajiya ta sauko daga bene, rungume da wani ƙunshi a cikin ɗankwali. Hajiya maƙwabciyarmu ce, 'yar Zariya, ta ba saba'in baya. Duk haihuwar da matata ta yi a ƙasar nan ita ta tsaya mata, don haka ba ta cikin mutanen da bakina ke iya ce wa a'a. Na rusuna na gaishe ta.

"Na ji an ce za ku bi ta garin da yaron nan yake," in ji ta.

Yaron nan da take faɗa ɗanta ne na fari, babban mutum da gemunsa. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ba zan ji ba, domin Hajiya irin iyayen nan ne da ke yi wa ɗan fari alkunya: ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido da ido, ba a nuna an damu da shi. Mu da muka taso a gida mun san wannan ba ƙiyayya ba ce. Shi kuwa yana ƙarami aka kawo shi nan, ya girma yana ganin iyayen abokansa suna rungumar 'ya'yansu a ƙofar makaranta. Mahaifinsa yana da shagon kayan miya a Soundview, ya so ya gaje shi, shi kuma noma ya shiga ransa, ya tafi aiki wata gonar tuffa can arewa. Suka yi sa-in-sa, ba su shirya ba har tsohon ya rasu. Ya zo zaman makoki, uwar tana magana da ƙannensa, shi ko ɗago ido ba ta yi ta dube shi ba. Sai ya ɗauka laifin mutuwar uban take ɗora masa. Ya koma gona. Salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ƙafarsa ba ta sake taka Tremont ba. Matata ta ce tun bara Hajiya ta fara rama, kuma ta koyi zaman bakin taga. Amma ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta ɗauki waya ta ce masa ya zo ba.

Na karɓi ƙunshin, hannuna ya yi ƙasa. Kwano ne, irin tsohon nan na ƙarfe mai fenti da murfi, wanda iyayenmu ke jerawa a ɗaki.

"Dambun nama ne. Ka ba shi hannu da hannu. Kwanon kuma ba kyauta ba ne, ina son abina."

"Hajiya, da an juye a leda ai da ya fi sauƙin ɗauka."

Ta dube ni daga hular kwanon da ke kaina har zuwa takalmi. "An ce maka ba ni da leda a gidana ne?"

Ɗan Kumasi ya ɗaga ƙunshin ya jijjiga, ya kusa yin hawaye. "Cale, wannan abu ya fi tayoyina biyu nauyi," in ji shi. Cale yake kiran kowa, har limami. Amma saƙo ba a ƙinsa, kuma kekena ne kaɗai mai kariya, tsohon ƙarfe da na saya na hannu. Badamagare ya zaro robar tsohon tub daga jakarsa ya yi masa ɗaurin gwani. Muka yi addu'a muka ɗau hanya, murfin kwano yana kwal-kwal a bayana duk inda taya ta faɗa rami, ramuka kuwa Bronx ba ta rasa su.

Da muka fita daga cikin gari sai muka hau wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka cire ƙarafan aka zuba kwalta, ba mota ba babur, sai kekuna da masu gudu. Itatuwa sun rufe ta ta sama, ganyen ya rine, wani ja, wani ruwan ɗorawa, yana zubowa a kanmu. Na yi shekaru ina tuƙi a jihar nan ban san akwai wuri mai shiru haka kusa da gidana ba. Turawa 'yan keke suna wuce mu garke-garke, kowa ya ɗaga yatsa ya gaisa. Wata tsohuwa da ta fi ni gudu ta jera da ni ta tambaye ni ko ganga ce na ɗauko. Na ce abinci ne. Ta ce lallai ina da shirin ci.

Fada ta farko mun gan ta ne a kan tudu bayan Yonkers, a wani gari da ke kallon kogi. Gini ne na dutse mai toka-toka, da doguwar hasumiya, saman katangar an yi masa giɓi-giɓi inda maharba za su laɓe. Ɗan Kumasi ya jingine keke yana ta ɗaukar hoto, bakinsa a buɗe. Ni ma ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Sai na tambayi wani mai share ganye wane sarki ne ya yi yaƙi a nan. Ya yi dariya ya ce babu wanda ya taɓa harba ko gwafa. Wani attajiri ne ya ga irinsa a Turai ya sa aka kwaikwaya masa, yanzu ma masauki ne, ana biki a ciki. Na ce da ɗan Kumasi, ashe a kan wannan ka hana mu sakat? Hasumiyar Gobarau ta haifi wannan ta yi jika da shi. Ya ce Bakatsine ko Aljanna aka kai shi sai ya ce bai ga Gobarau ba.

A garin muka sha kofi, ɗan kofin da bai kai rabin moɗa ba, dala shida. A Tremont da wannan kuɗin har da burodi da ƙwai za ka haɗa. Badamagare bai saya ba, ya ciro fulas ɗin shayinsa mai citta wanda ya ɓoye wa sikeli, ya sha a gabanmu yana lumshe ido. Abincin rana kifi muka ci cikin burodi, tunda shi ba ya bukatar tambayar wa ya yanka. Muka haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa bakin kogi, muka yi ƙasaru. Badamagare ya ce tunda yake bai taɓa jin ya cancanci rangwamen matafiyi kamar ranar nan ba.

Daga nan wasa ya ƙare, tuddai suka fara. Hanya ta riƙa nannaɗe jikin dutse, kogi yana can ƙasa ta hagu, ka gama hawa ɗaya ka sha kwana ka tarar da yayansa yana jiranka. Ɗan Kumasi yana tafiya kamar iska ce ke ɗauke da shi. Badamagare yana gefena yana cewa "dusuman, dusuman," wato a hankali da Faransancinsu. Ni kuwa ji nake kamar Hajiya da kanta ce zaune a kariya. A wani hawa na sauka na tura keken, na kuma cire dogon wandon nan na cusa a jaka, domin a dajin babu wanda ya san ni balle ya kai labari. Can a ƙolin wani tsauni muka hango wata fadar mai jan rufi, ita kaɗai cikin itatuwa, rana tana dukan tagoginta. Ta yi kyau ƙwarai, amma ni a lokacin da katifa aka nuna mini da ta fi burge ni. Muka kwana a wani ƙaramin masauki, mu uku ɗaki ɗaya, kuɗinsa sai da na yi lissafin sawu nawa ne daga JFK zuwa Manhattan, na fasa lissafin don kada barci ya gagare ni.

Washegari da hantsi muka ratsa wani rami da aka huda cikin dutse, muna fitowa sai ga fadar da ta fi duka. Kango ne a kan ɗan tsibiri tsakiyar kogi, katangu jajaye masu tsayi, tagogi ba ƙyaure, sama a buɗe, itatuwa sun tsiro ta ciki. Hazo yana kwance a kan ruwan, har ka rantse ginin a kan girgije yake. Wani mai kamun kifi ya ce mana wannan ma ba sarki ya gina ba, wani mai sayar da tsofaffin makamai ne ya yi shi don ajiye hajarsa, daga baya gobara ta cinye. Badamagare ya ce, "Wato sito ne." Tun daga nan ya fara girmama mai ginin, ya ce ɗan kasuwa ne ɗan'uwansa.

A bakin ruwan nan muka ƙulla shawarar da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Cinyoyina sun yi tsami, ga sauran tafiya mai yawa. Ɗan Kumasi ya ce abin mai sauƙi ne: a juye dambu a leda, a kai kwanon gidan waya a aika wa Hajiya, ya riga mu isa gida. Dambu ya je inda aka aike shi, kwano ya koma wurin mai shi, kowa ya huta. Na juya maganar ban ga aibinta ba. Badamagare ma ya ce "wala" da Faransancinsu, wato an gama. Muka shiga gari na gaba muna neman gidan waya, muka same shi, na kwance roba na ɗauko ƙunshin na taka matakala. Ƙofa a kulle. Mu uku, manya da hankalinmu, babu wanda ya tuna ranar Lahadi ce. Na mayar da kwano kariya ina tsaki.

Muka tsallaka kogin ta wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa mai tsayin gaske, wadda aka bar wa masu ƙafa da kekuna. Iska tana neman ture ni, ban yarda na leƙa ƙasa ba. Muna sauka ɗaya gefen sai ƙasa ta buɗe. Gonaki iya ganinka, shanu baƙi da fari suna kiwo ba makiyayi, rumbuna jajaye, kabewa zube a fili kamar ba mai so. Abin da ya fi ba ni mamaki teburan bakin hanya ne: an jera tuffa da zuma da ƙwai, an rubuta farashi, an ajiye akwati, babu kowa a wurin. Ka ɗauka ka saka kuɗi ka wuce. Badamagare ya tsaya ya daɗe yana waige-waige, yana neman inda aka ɓoye kyamara. Da bai gani ba ya ce shi in ya bar teburinsa haka ya shiga bayi, ko teburin ba zai tarar ba. Muka sayi wani cincin mai taushi mai rami a tsakiya da ake kwaɓawa da ruwan tuffa, bayan mun tabbatar ba da man alade aka soya ba. Da zafinsa muka ci, sukari har gemu. A nan na ji daɗin tafiyar ya sauko mini sosai, na ce alhamdulillahi a fili.

Bayan la'asar muka isa gonar. Layukan tuffa ne har gindin tsauni, a saman tsaunin kuma wata hasumiyar dutse tana tsaye. Muka tambaya aka nuna mana ɗan Hajiya a kan tsani, da jaka a ƙirji yana tsinka. Ya sauko yana kallon baƙaƙen fata uku cikin matsattsun wanduna, sai da na cire hula ya gane ni.

"Ankul!" ya ce, wato kawu, ya rungume ni. Hausa yana jin ta tsaf, amma da Turanci yake mayarwa, kamar yawancin 'ya'yanmu.

Na kwance ƙunshin na sa masa a hannu. Tun daga ɗankwalin fuskarsa ta sauya. Ya zauna a kan akwatin tuffa ya warware, ya shafa wani wuri a bakin murfin inda fenti ya ɓantare. Ya buɗe, ƙamshin dambu ya tashi, ya ɗiba da yatsu uku ya kai baki, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya ce mana a cikin wannan kwanon ake ajiye masa abinci tun yana makaranta. In ya dawo a makare zai tarar da shi a rufe a gefen murhu. Mahaifiyarsa ba ta taɓa cewa nasa ne ba. Sai dai ta ce, tana kallon wani wuri, wai wani ya bar abinci can in akwai mai ci.

Ya tambaye ni me ta ce. Na gaya masa gaskiya: ta ce in ba shi hannu da hannu, kuma tana son kwanonta. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce ko kwano ba za ta iya bar masa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya juye dambun a roba, ya wanke kwanon tas ya goge, ya ɗaure da ɗankwalin ya miƙo mini.

Na karɓa na nufi keke. Ban sani ba ko basira ce ta zo mini ko cinyoyina ne suka yi magana, amma ina ɗora shi a kariya sai maganar Hajiya ta dawo mini, wai an ce maka ba ni da leda a gidana ne. Matar da ke da durowa guda cike da ledoji, ta tashi kafin asuba ta ɗauko kwanon da ya fi kowanne nauyi a ɗakinta. Na tuna yadda muke yi a gida. In maƙwabta suka aiko da abinci a kwano, ba a riƙe musu kwano, ba a kuma mayar da shi wayam. Ka sa wani abu a ciki ka kai, su ma wata rana su mayar, a haka ƙafa ba ta ɗaukewa tsakanin gida biyu. Na sauke ƙunshin na ajiye a kan akwatin da ya tashi.

"Ni kawowa aka aiko ni, na kawo," na ce masa. "Uwarka ba ta rasa leda ba, ni da bakina na roƙe ta ta juye ta ƙi. Leda in an cinye yarwa ake yi. Kwano kuwa sai an taka an kai shi, kuma wanda ya ci shi ke kaiwa. Ba ta iya cewa ka zo ba, haka aka raine ta. Iyakar abin da bakinta zai iya ke nan."

Ya tsaya yana kallon ƙunshin, ya juya ya koma kan tsaninsa. Ɗan Kumasi ya raɗa mini cewa na yi karambani. Ɗan Hajiya ya ba mu masauki a ɗakin ma'aikata, ya dafa mana shinkafa, muka yi hirar tuffa da dusar ƙanƙara, ba wanda ya sake tayar da maganar. Da safe ya rako mu bakin hanya da tukwici, jakar tuffa wadda ta ninka kwanon nauyi. Na dubi jakar na dubi kariyata na ce Allah ya ƙaddara. Har na hau keke sai ya dafa sitiyarin, ya yi magana da Hausa, a hankali kamar mai taka ƙaya: "Ka gaya mata kwano yana wurina."

Hanyar dawowa ta fi kyau, amma rabin hankalina ba ya kanta. Mun bi wata hanya da aka sassaƙa a jikin tsauni, kogi a ƙarƙashinmu, jiragen ruwa kamar 'yan wasan yara. Mun wuce makarantar sojoji mai katangu masu toka, ita kam fada ce mai aiki, da masu gadi da bindigogi. Tayar ɗan Kumasi ta yi faci sau biyu, ta tsohon kekena ko gezau, kuma ban bar shi ya manta ba. Tuffa muka riƙa ci muna rabawa duk wanda muka tsaya kusa da shi, jakar tana raguwa. Amma da na ji bayana shiru babu kwal-kwal, sai in tambayi kaina me zan ce wa Hajiya. An ba ni amana, an ce ana son kwano, na bar shi a hannun mutumin da bai yi alkawarin komai ba. In bai zo ba, na raba tsohuwa da ɗan abin da take shafawa ta tuna da shi.

Muna kan babbar gadar da ke shigowa Manhattan ɗan Kumasi ya nuna mana wata hasumiya can hagu cikin itatuwa. Ya ce duk tafiyar nan wannan ne kaɗai ginin da ke da duwatsu na ainihin wancan zamanin, daga Turai aka kwaso su a jirgin ruwa aka sake ɗorawa a nan. Badamagare ya ce ashe su ma baƙi ne irinmu. Wurin ko nisan kirki babu daga gidajenmu, mun sha wannan wahala muna neman abin da ke bayan ɗaki.

Muka shigo Tremont da yamma, ƙamshin tsire da ƙarar honi suka tare mu. Na tsaya a kwana na mayar da dogon wandona. Tun daga nesa na hango Hajiya a taga. Kafin in ɗaure keke ta iso ƙofa, matata a bayanta. Idonta a kan kariya yake.

"Ina kwanona?"

"Ya ce in gaya miki yana wurinsa."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

"Ya ci?"

"Ya ci, Hajiya."

"A gabanka?"

"A gabana. Har yatsu ya lashe."

"To," in ji ta. Ta juya ta kama ƙarfen bene, sannan ta ce da matata, ba ta waiwayo ba, gobe ta raka ta shago, garin tuwonta ya ƙare, kukarta ma ta kwana biyu.

Masu tambayata abin da na koyo, ga shi. Wandon nan mai katifa ba abin kunya ba ne, rahama ce. Wanda zai yi irin wannan zagaye ya fara da ƙananan tuddai, kada ya yarda da hoton da aboki ya turo masa. Jihar nan ba ta ƙare a Bronx da JFK ba, akwai ƙauye da shiru da mutanen kirki a nan kusa, kuma ba sai da mota ba. Fadojin sun yi kyau ko da na kwaikwayo ne, zan koma in ga kangon tsibirin nan in Allah ya kai rai. Na kuma koyi cewa in tsohuwa ta ba ka saƙo, kada ka gyara mata shi. Har yanzu ina gode wa Allah da ya sa gidan waya ba ya buɗewa ran Lahadi.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na ga wata a-kori-kura a ƙofar gidanmu, tayoyinta duk taɓo. A bene ƙamshin miyar kuka ya cika ko'ina. Ƙofar Hajiya a buɗe take, ga manyan takalman gona a bakinta. Na yi sallama na leƙa. Ɗanta yana zaune a ƙasa kan darduma, hannuwansa a kan gwiwa. A kan tebur ga kwalaben zuma da tuffa da aka juye. Hajiya tana kicin ta ba shi baya, tana goge abin da ba ya bukatar gogewa. Kwanon yana gefen murhu a rufe, tururi yana fita ta inda fentin ya ɓantare.

Ta amsa sallamata, sannan ta ce, idonta a kan bango, "Wani ya bar abinci can, in akwai mai ci."

Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya tashi ya ɗauko kwanon da kansa.